Kwamfutar da Ta Ƙi Mutuwa

A kamfanin jigilar kayan da yake aiki, babu mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Tun daga mai gadi har manaja, Saurara suke ce masa, shi kuma yana amsawa ko a jikinsa. Shi ne mai gyaran kwamfutocin wurin. Siriri ne, furfura ta cinye rabin gemunsa, tafiyarsa a hankali kamar wanda ya zuba ƙwai a aljihu. Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, da can ma'ajiyar tsintsiya da bokitai, yanzu kuwa ya cika da matattun alluna da wayoyi a nannaɗe da kwalin tsofaffin kayan da ya ƙi zubarwa, wai wata rana za su yi amfani. Matar da ke share ofisoshin ta daina roƙonsa ya rage su, sai dai ta share bakin ƙofa ta wuce.

Lokacin tashi daga aiki ne ya jawo masa sunan. Yamma ta yi, kowa ya rataya jaka, a danna wa kwamfuta umarnin kashewa, sai ta tsaya cak, ta rubuto cewa wata manhaja ta hana ta mutuwa. A nan ake gane halin ɗan Adam. Wani ya danne maɓallin wuta ya riƙe har sai ta shaƙe. Wani ya sunkuya ya fizge wayar daga bango. Akawun kamfanin ma har da mari yake haɗa mata. Shi kuwa in ya hango hannu ya nufi maɓalli, daga nesa zai ɗaga tafinsa ya ce, "Saurara." Kalmar tana nufin dakata, tana kuma nufin kasa kunne, shi kuma duka biyun yake nufi.

"Ku dai kisa ba ya muku wuya," zai ce yana jawo kujera. "Ba taurin kai ta yi ba. Wani ne ya riƙe ta a ciki. Sai a nemo ko wane ne."

Sai ya fasa kashewar, ya koma ciki, ya buɗe inda ake ganin manhajojin da ke aiki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci takarda ce aka rubuta ba a adana ba. Wani lokaci injin buga takardu ne ya tsaya jiran a ƙara masa takarda tun da safe, ba wanda ya kula. Wani lokaci kuma manhajar ta sandare da gaske, babu abin da za a yi mata. Wannan kam ba ya jin tausayinta, rufe ta yake yi da ƙarfi, amma ita kaɗai, ba tare da sauran ba. Mutane sukan ce aikin minti ɗaya yake mayarwa na rabin awa. Gaskiyarsu ce. Amma su ɗin ne kuma suke zuwa ƙofar ɗakinsa washegari da fuska a yamutse, aikin jiya ya ɓace.

Ba da kwamfuta ya fara ba. Yana matashi gyaran rediyo ya koya a wajen wani maigida mai zafin hannu, wanda maganin kowace rediyo a wurinsa shi ne a fara bubbuga ta. Daga nan ya koma gyaran tafireta, har ranar da ya waiwaya ya ga babu sauran mai kawo tafireta. Lokacin yana da mata da 'ya'ya biyu. Ya shiga ajin koyon kwamfuta na yamma, ya zauna a benci da waɗanda ya kusa haifa, suna dariyar yadda yake danna madannai da yatsa ɗaya. Ya ji kunya sosai, amma bai daina zuwa ba. Abin da gyaran rediyo ya bar masa shi ne kunne. Har yau kafin ya kalli allo sai ya karkata kai ya ji ƙarar fanka da motsin rumbun ajiya.

A gida wannan halin bai sa an yaba masa ba. Matarsa, wadda tela ce mai saurin hannu da saurin baki, takan ce in gobara ta kama gidansu, Allah ya kiyaye, mijinta zai tsaya tambayar wa ya riƙe wutar. Sayen takalmi kan ɗauke shi mako. 'Yarsa ta taɓa tambayarsa ko ta karɓi wani aiki da aka yi mata tayi, kafin ya ba ta amsa har ta karɓi albashin farko. Yana jin duk tsiyar da ake masa, ya yi murmushi, ya ci gaba da yadda ya saba.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kiransa Saurara ba, wato yayarsa. Ita Auta take ce masa, da furfurarsa da komai. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har gobe gani take in ta sake shi zai faɗa rijiya. Yaya mace ce mai kirki wadda kirkinta ba ya bi ta baki. Za ta dafa maka abinci tana yi maka faɗa, ta kai ka asibiti tana ce maka kai ka jawo wa kanka. Tunda Saurara ya yi wayo bai taɓa jin ta ce wa wani sannu da murya mai laushi ba. Aikinsa kuwa danne-danne take kiransa.

Mijinta, wanda kowa ke ce wa Direba, kishiyar halinta ne. Ya yi shekaru yana tuƙa manyan motoci, da ya ajiye tuƙi sai ya riƙe surutu. In ya fara labari, shayi ya huce, baƙo ya makara. Yaya takan ce masa, "Mutumin nan, bakinka ba ya gajiya ne? Ka yi mana shiru mu ji kunnenmu." Shi kuma ya ce, "To, ranki ya daɗe," ya ci gaba daga inda ya tsaya. Da 'yarsu ta koma wani gari mai nisa da mijinta da ƙaramar 'yarta, Direba ya rasa babbar mai sauraronsa. Shi ya sa Saurara ya haɗa masa tsohuwar kwamfuta a falo, da makirufo, da akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke, ya koya masa yadda zai naɗi labaransa ya aika wa jikarsa. Saboda idon Direba ya yi rauni, ya ja waya daga kwamfutar zuwa talabijin ɗin bango, don in rubutu ya yi masa ƙanana ya tura shi can ya karanta. Ya kuma saita manhajar ta tsayar da naɗi da kanta bayan wani lokaci, don ya san halin mutuminsa.

Wata safiya Direba yana cikin naɗin labari ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ya yi makonni a asibiti. Ya dawo gida da rai, amma ɓarinsa na dama ya mutu, maganarsa kuma ta tafi gaba ɗaya. Yana ji, yana fahimta, idonsa na bin kowa, amma abin da ke fita daga bakinsa ɗan gunji ne kawai. Gidansu a hawa na uku yake, kuma mutumin da ke kan keken guragu ba shi da abin yi da hawa na uku. Yaya ta nemi gida a ƙasa, a wata unguwa, aka sa ranar tashi.

Da safiyar ranar ta kira shi a waya.

"Auta, zo ka kashe wannan abin naka. Ya ƙi mutuwa, shi kuma mutumin nan ya hana kowa taɓa shi. Motar kaya na jira a ƙasa."

Ya tarar da falon an kwashe shi. Labule babu, kujeru babu, sai alamun hotuna a jikin bango da ƙusoshin da aka cire talabijin. A lungu tebur ɗaya ya rage, kwamfutar na kai a kunne, fankarta na ta ƙugi. Direba na zaune a kekensa ya tokare gaban teburin, sandarsa a hannun hagu. Masu ɗaukar kaya uku na tsaye a bakin ƙofa, babbansu, wani ƙato mai tawul a wuya, yana murza gwiwarsa.

"Ya buge ni," in ji ƙaton. "Wayar kawai na ce bari in zare."

"Sannu," Saurara ya ce masa. Ya juya wurin yayarsa. "Yaya, tun yaushe take a kunne?"

"Tun ranar da ya faɗi. Da muka dawo daga asibiti na zo in kashe ta, ta rubuto min wani abu, na kai hannu zan danna, sai ya hau buga sanda a ƙasa kamar zai fasa siminti. Na bar masa kayarsa."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Ina fama da mai rai, zan tsaya ta ƙarfe?" Ta ja shi gefe, ta rage murya. "Labarin da yake naɗa wa yarinyar ne a ciki. Muryarsa ce ta ƙarshe, Auta. Sauran duk ya aika, suna wayar uwarta. Wannan ne kaɗai bai adana ba. Shi ya sa yake gadin ta. In ta tafi, ban san yadda zan yi da shi ba."

Saurara ya saba ceto takardun lissafi da wasiƙun ofis, waɗanda in sun ɓace za a yi tsaki a sake rubutawa. Wannan babu mai sake shi. Ya durƙusa gaban keken, ya gaida Direba kamar yadda suka saba.

"Yallaɓai, ka zama soja ke nan? Matsa min in gani. Ba zan kashe ta ba sai ka yarda."

Direba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sauke sandar a cinyarsa. Yaya ta ja keken baya kaɗan, daidai yadda zai riƙa ganin allon.

Manhajar naɗin murya tana buɗe. Zanen muryar na kwance a tsakiyar allo, dogon layi mai tudu da kwari, amma duk fuskar manhajar ta yi fari-fari, alamar ba ta amsawa. Saurara bai taɓa komai ba tukuna. Ya karkata kai ya saurari akwatin. Fanka ce kawai, rumbun ajiya shiru. Ya buɗe inda ake ganin masu aiki, ya duba sunan manhajar. Ba ta cin ƙarfin kwamfutar ko kaɗan, ba ta rubuta komai, ba ta karanta komai, zaune kawai take.

"Ta mutu ko?" Yaya ta tambaya daga bayansa.

"Ban sani ba tukuna."

"In ba ka sani ba wa zai sani? Ba kai ka kawo ta gidan nan ba?"

Ya ƙara ƙarar lasifika, ya kai linzamin kwamfutar kan manhajar, ya danna sau ɗaya. Wata 'yar ƙara ta fito, ƙil, kamar an taɓa kofi da cokali. Ya sake dannawa, ta sake yi. Sai ya saki ajiyar zuciya ya jingina da bango.

"Tana da rai," ya ce. "Wadda ta sandare ba ta yin wannan ƙarar, shiru take yi. Wannan tambaya ta yi, tana jiran amsa. Ranar da kika zo kashe ta, ta buɗe 'yar taga tana tambaya ko a adana naɗin. Har yanzu tagar na buɗe."

"Ina take? Ni ban ga wata taga ba."

Nan ne gizo ke saƙar. Ya duba ko'ina a allon, ya matsar da abin da zai matsu, babu taga. Ya san akwai hanyar amsawa a makance, a danna madanni kawai a yi fatan alheri. Amma tagar zaɓi uku gare ta: a adana, kada a adana, a fasa. Bai san a kan wanne ta tsaya ba, kuma ba a wannan gidan zai yi caca ba. Ya zauna yana shafa gemu, ƙaton na duba agogo, Yaya na huci. Can idonsa ya sauka a kan wata baƙar waya da ta fito daga bayan kwamfutar, ta bi gefen bango, ta ƙare a ƙasa, bakinta ba a haɗe da komai ba. Ya ɗaga kai ya kalli ƙusoshin bango.

"Yallaɓai," ya ce, "in za ka adana labari, tagar da ke tambayar suna, a talabijin kake karanta ta?"

Direba ya gyaɗa kai da sauri.

"To ita ce. Manhajar ta saba, can take buɗe tagar. Yaya, talabijin ɗin a kunne yake ranar?"

"Likita ya ce a rage masa hayaniya. Na kashe shi na rufe da zane tun da muka dawo."

Makonni ke nan kwamfutar na tambaya a kan allon da aka rufe da zane. Saurara ya miƙe ya fuskanci ƙaton cikin ladabi.

"Don Allah, talabijin ɗin nan yana ina?"

"Yana mota. Shi muka fara sawa, yana can ƙurya, bayan firji da katifu."

"A dawo da shi."

Ƙaton ya kalle shi, ya kalli Yaya, ya kalli matakala. Ya fara bayanin yadda aka ɗaure kayan da igiya, da yadda masu shiga gidan za su iso da rana. Yaya ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce, "Ka gama? A dawo da shi." Suka sauka suna gunaguni. Ta taga Saurara ya hango su suna sauke katifu a gefen titi, ya ji nauyinsu, amma bai ce a fasa ba.

Kafin su hawo ya tsaya yana tunanin abin da zai iya lalacewa. Tsohuwar kwamfuta ce, ta yi makonni ba hutu. Haɗa mata sabon allo yanzu zai iya girgiza ta, manhajar ta sandare da gaske. Ya so ya faɗa wa yayarsa, ya dube ta ya ga yadda take goge teburin da ba shi da datti, sai ya fasa. Ya gane tsoro take ji, kuma shi ma tsoron yake ji.

Aka shigo da talabijin a naɗe cikin bargo, aka jingine shi a ƙasa. Ya haɗa masa wuta, ya kunna, ya ɗauki baƙar wayar ya yi bisimilla ya soka. Allon kwamfutar ya yi baƙi. Yaya ta dafa kafaɗar mijinta. Allon ya dawo, ya sake ɗaukewa, ya sake dawowa. Sai talabijin ya haska, ga 'yar taga a tsakiyarsa da manyan haruffa, tana tambaya ko a adana. Zaɓin da ta tsaya a kai shi ne kada a adana. Saurara ya kai linzami a hankali kan zaɓin a adana, ya danna, ya rubuta kwanan watan a matsayin suna. Rumbun ajiya ya fara ƙara, wani koren layi ya fara tafiya, suka zuba masa ido har ya kai ƙarshe. Ya ciro ɗan filashin da ke maƙale da makullansa ya kwafi naɗin a ciki ma.

"Shi ke nan?" in ji Yaya.

"Saura mu ji ko ya fita lafiya."

Ya danna. Muryar Direba ta cika falon da babu kaya, ta bugi bango ta dawo. Yana kiran jikarsa amaryata, yana ba ta labarin wani rago da ya taɓa ɗaukowa a gaban mota saboda baya ya cika, ragon ya cinye masa taswirar hanya da rabin hularsa. Yana kwaikwayon kukan ragon, yana dariyar kansa kafin ya kai wurin dariyar. Masu ɗaukar kaya da suka juya za su fita suka tsaya. Ƙaton har da ƙyaƙyatawa. Yaya ta juya baya tana kallon taga, Direba kuwa fuskarsa ba ta canja ba, kamar ba muryarsa ba ce.

Ana cikin labarin sai kalmomin suka fara narkewa. Ya maimaita kalma ɗaya sau biyu, ta uku ba ta fito ba. Aka ji kujera ta goga, aka ji faɗuwa. Saurara ya yi wuf ya tsayar. Ya yi wa masu ɗaukar kayan alama da ido, suka fita suka ja ƙofa.

"Daga nan zan yanke," ya ce a hankali. "In bar labarin ragon, in share sauran. Ba abin ji ba ne."

Ya kai hannu kan linzami. Hannun hagun Direba ya damƙi wuyan hannunsa da ƙarfin da bai yi zato ba. Direba ya girgiza kai, ya nuna allon da haɓarsa, can wajen dogon layin da ya rage, inda zanen ya kwanta shiru sannan ya sake tashi.

"In ci gaba?"

Ya gyaɗa kai.

Da farko babu komai sai fanka da numfashi mai nauyi. Sannan daga nesa muryar Yaya, daga kicin: "Mutumin nan, shayinka ya huce, ni ba zan sake ɗumamawa ba." Takun silifa. Faranti ya faɗi. Aka ji ta kira maƙwabta ta taga, ta kira asibiti a waya, muryarta a tsaye kamar kullum. Daga nan muryar ta matso dab da makirufo, ta sauka ƙasa, ta zama wata murya da Saurara bai taɓa ji ba. Ta kira mijinta da sunansa na yanka, sau uku.

"Ga ni nan. Kalle ni, kada ka ji tsoro, ina riƙe da kai. Suna zuwa. Ɗora kanka a nan. Ka san duk faɗan da nake maka ba har zuciya ba ne, ai ka sani. In ba ka gida, gidan nan ba ya zaunuwa. Surutunka nake ji in yi barci. Ka tashi ka yi ta yi, wallahi ba zan ƙara ce maka ka yi shiru ba."

Haka ta yi ta faɗa, tana maimaitawa, tana rarrashinsa, har aka ji bugun ƙofa da muryoyin mutane.

Saurara ya tsayar da naɗin. Ya kasa ɗaga kai. Kunya ta kama shi kamar ya leƙa ɗakin da ba nasa ba. Sai yanzu ya gane. Ranar da Direba ke kwance a ƙasa, idonsa na kan jar fitilar makirufon, ya san ana naɗa. Duk makonnin nan da yake gadi da sanda, ba tasa muryar yake gadi ba.

Yaya ta juyo, idonta ya yi ja.

"Goge wannan, Auta."

"Yaya..."

"Na ce ka goge. Wa ya ce a naɗe ni? Ruɗewa ce, mutum in ya ruɗe komai ma faɗa yake."

Direba ya buga sanda a ƙasa sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Hawaye na bin ɓarin fuskarsa mai rai. Ya saki sandar ta faɗi, ya miƙa mata hannunsa na hagu a buɗe, ya bar shi a haka. Ta kalli hannun, ta kalli ƙanenta kamar shi ya yi mata laifi.

A rayuwarsa Saurara bai taɓa yi wa yayarsa musu ba. Ya share murya ya ce, "Zan raba shi biyu. Na ragon a aika wa yarinya. Cikakken kuwa nasa ne, Yaya. Ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Ba zan goge ba."

Ta sunkuya ta ɗauki sandar, ta ɗora wa mijinta a cinya, ta fice zuwa kicin ɗin da babu ko cokali a cikinsa.

Ya yanke labarin ragon ya aika. Cikakken ya sa shi a wayar Direba, ya nuna masa inda zai taɓa da babban yatsan hagu, ya ba shi na'urar saƙalawa a kunne da yake yawo da ita a jaka. Sannan ya dube shi ya ce, "In kashe?" Direba ya gyaɗa kai. Ya danna, kwamfutar ta mutu nan take ba gardama, fankar ta yi shiru.

Masu ɗaukar kaya suka sake naɗe talabijin, suka sauke tebur, daga ƙarshe suka ɗauki Direba da kekensa hawa uku, ƙaton na cewa a bi a hankali. Aka sa shi a kujerar bayan motar maƙwabcinsu, Yaya ta zauna kusa da shi, Saurara a gaba ya rungume kwamfutar a cinya. Ba su bar layin ba ya hango ta madubi Direba ya saƙala abin a kunne, ya lumshe ido, babban yatsansa na kan wayar.

"Ji dai ka ƙoshi," Yaya ta ce tana kallon titi. "Don ba za ka ƙara jin irinsa daga bakina ba."

Motar ta faɗa wani rami, na kunnen dama ya zame ya faɗo kan kafaɗarsa, ɓangaren da hannunsa ba ya kaiwa. Yaya ta yi tsaki. Ta ɗauka, ta goge shi da gefen mayafinta, ta mayar masa a kunne, ta riƙe shi da yatsa har suka isa.